Wa Ya Wanke Gawar?



Kwanakin baya, bayan sallar isha'i, na tsaya a wani shagon cajin waya a unguwar Takur a nan Dutse, irin shagunan nan da ake tura wa mutane fina-finai a waya. An fito da talabijin bakin ƙofa, matasa sun cika benci biyu, wasu na tsaye, har da wani dattijo mai gyaran babur da ya rufe rumfarsa ya zo ya jingina da bango. Kashi na ƙarshe ake nunawa na wani fim mai dogon zango. Ba zan ambaci sunansa ba, domin gyara na zo nema, ba tozarci ba. Labarin wani attajiri ne da aka ce ya rasu tun kashi na huɗu. An yi masa sallah, an kai shi makwancinsa, an yi sadakar uku da ta bakwai, matarsa ta shiga takaba, ƙaninsa ya haɗiye dukiyar. Wata da watanni ana bin labarin nan mako-mako. Sai ga shi a minti goman ƙarshe an turo ƙofar falo, attajirin ya shigo cikin farar shadda, 'yan sanda biyu na biye da shi, ya ce ai dama bai mutu ba, ɓuya ya yi don ya ga gudun ruwan kowa.

Wasu yara suka tafa. Dattijon nan kuwa ya jijjiga kai, ya ce: "To, wa ya wanke gawar?"

Wurin ya yi tsit. Wani ya ce, "Baba, ai fim ne." Ya ce masa, "Na san fim ne, ɗana. Amma ni na wanke mahaifina da hannuna. Ba a rufe mutum a garin nan sai 'yan uwansa sun ga fuskarsa. Wa suka wanke, wa suka sa wa likkafani?" Ya ɗauki hularsa ya yi gaba.

Tambayar dattijon nan ita ce sharhinmu na yau. Ina magana ne a kan fina-finan sarƙaƙiya, waɗanda ake ginawa a kan kisa ko sata ko cin amana ko wani ɓoyayyen sirri, masu sa mai kallo ya zauna a bakin kujera zuciyarsa na dukan uku-uku. Irin wannan fim ya bambanta da na soyayya da na barkwanci ta wuri guda. A fim ɗin barkwanci, in ka yi dariya an biya ka. A na soyayya, waƙa mai daɗi kan rufe aibi da yawa. Shi kuwa na sarƙaƙiya, bashi yake ci a wurinka tun daga fitowar farko. Yana ce maka: ba ni hankalinka, ka ƙirga abin da na nuna maka, ka yi zargi, ka yi lissafi, a ƙarshe zan biya ka da amsar da za ta haɗa komai. In ƙarshe ya zo aka miƙo maka amsar da ta ci karo da abin da idonka ya gani, an ci bashin an gudu ke nan. Shi ya sa ba za ka ji mai kallo ya ce fim ɗin bai yi daɗi ba kawai. Cewa yake yi, "An raina mana hankali." Kalmar da ake faɗa ke nan a teburin mai shayi daga Shuwarin har Kiyawa, kuma ta dace da laifin.

Wani zai ce ai mu jikokin masu tatsuniya ne, mun saba da labarin da ba ya yiwuwa. Gizo na magana, kura na zuwa kasuwa, ba wanda ya taɓa tsayar da kakarsa ya ce ƙarya ne. Haka ne. Amma ku tuna, tatsuniya tana sanar da dokarta tun a bakin ƙofa, kuma ba ta karya ta. A duniyar da dabbobi ke magana, Gizo ba ya kuɓuta sai da wayonsa, kura ba ta faɗawa rami sai ta hanyar kwaɗayinta. Da kaka za ta ce Gizo ya shiga tarko, sai kawai tarkon ya narke ba dalili, yaran da ke gabanta ne za su fara yi mata gardama. Haka Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937. Aku yana ba da labari dare bayan dare, amma ba don nishaɗi kawai ba. Akwai makircin waziri a waje, akwai ɗan sarki da ke son fita, kowane labari dabara ce ta riƙe shi har gari ya waye. Aku mai hikima ba ya cikin duniyarmu, amma dalilinsa na magana a tsaye yake daram. Abin da ba ya yiwuwa daban, abin da ba ya shiga hankali daban. Mai kallo zai yarda da aljani in ka shigo da shi tun farko ka faɗi iyakar ƙarfinsa. Abin da ba zai yarda da shi ba shi ne mutum mai hankali ya yi wauta don kawai marubuci na bukatar labari ya ci gaba.

Kuma giɓin da ya fi yawa a fina-finanmu ba na aljanu ba ne, na rayuwar yau da kullum ne, wadda kowa ya sani. An sace yarinya, ta sami sa'a ta kuɓuce da waya a hannunta, ta yi ta gudu a jeji, ba ta kira kowa ba, ba a kuma nuna mana caji ya ƙare ko sabis ya ɗauke ba. Daƙiƙa biyar ta ishi darakta ya nuna fuskar wayar ta mutu, amma bai yi ba. Mugu ya yi wata shida yana barazana da layin waya guda, alhali tun ƙarshen 2020 gwamnati ta tilasta haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa. Ban ce kullum ana kama masu laifi ta nan ba, amma dole labari ya gaya mana me ya hana a bi layin. Baƙo ya kama haya a unguwa ya ɓoye mutum a ɗaki wata uku, babu maƙwabcin da ya ji motsi, babu almajirin da ya leƙa, mai unguwa bai sani ba, mai ruwa bai lura an ƙara jarka ba. A wace unguwa? A Fagoji ko a Yalwawa, baƙo ya kwana biyu an san garinsu da sana'arsa. Jarumi yana Kano aka kira shi ana shirin kashe matarsa a Dutse, kafin mugu ya gama zare wuƙa ya iso. Duk wanda ya taɓa shiga mota ya bi ta Wudil ya san tafiyar nan ta wuce awa guda ko da hanya babu kowa.

Sai uwa uba, kotu. A fim, a kama mutum da safe bisa zargin kisan kai, da la'asar alƙali ya buga guduma ya ce a rataye shi. Masu sauraronmu da ke aiki a Ma'aikatar Shari'a a nan Dutse sun san yadda abin yake. Daga ofishin 'yan sanda na yanki ake mayar da maganar sashen binciken manyan laifuka na jiha. A kai wanda ake zargi gaban majistare ya ba da umarnin tsare shi, a tura fayil wurin lauyoyin gwamnati su ba da shawara, sannan a gurfanar da shi a Babbar Kotu. A kira shaidu, lauya ya yi musu tambayoyi. In ya ce dukansa aka yi ya amsa laifi, sai an tsaya an binciki wannan ma tukuna. In an yanke hukunci akwai ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, kuma hukuncin kisa ba ya zartuwa sai gwamna ya sa hannu. Ba na cewa a nuna mana duk wannan a allo, fim ba darasin lauya ba ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne kowane mataki a nan taska ce ta fargaba da marubuci ya tsallake. Fayil na iya ɓata a hanya. Shaida na iya janyewa daren da zai bayyana. Wanda ya san hanyar, shi ya san inda mugu zai yi kwanton ɓauna.

Idan kuma aka zo rufe labari, ƙofofin da ake fita ta cikinsu sanannu ne har yara sun haddace. Ko mugu ya haukace ya shiga kasuwa yana tona wa kansa asiri. Ko mota ta kaɗe shi daidai lokacin da ya gama cin nasara. Ko ya ɗaure jarumi a kujera ya zauna yana zayyana masa duk abin da ya aikata tun daga farko, alhali wani na laɓe yana naɗa a waya. Ko a ce ashe tagwaye ne, ba a taɓa gaya mana uwarsu ta haifi biyu ba. Mafi ciwo duka, jarumi ya farka a kan gado yana salati, ashe mafarki ne. Wannan na ƙarshen, a ganina, bai kamata a ƙara yafe wa kowa shi ba. Mutum ya sayi data da kuɗin guminsa, ya hana idonsa barci, ka ce masa duk abin da ya gani bai faru ba?

Ruwa ba ya tsami banza, kuma zalunci ne a ɗora wa marubuta laifin duka. Masana'antar nan da ta fara da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990 ta tashi ne a kan kaset, daga baya faifan CD. Tun a lokacin aka saba da yanke labari a tsakiya a ce a saurari kashi na biyu, wani lokaci ma ba a san me za a sa a na biyun ba sai an ga yadda na ɗaya ya karɓu a kasuwar Ƙofar Wambai. Da satar fasaha da tura fim a waya suka karya kasuwar faifai, sai aka koma masu dogon zango a talabijin da YouTube. Tashar Arewa24 ta zo da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan a 2020 Labarina na Aminu Saira da Izzar So na Lawan Ahmad suka mamaye wayoyin mutane. Wannan sauyi ya ceci sana'ar, ya kuma zo da nasa ciwon. Duk mako sai an saki sabon kashi. Sau da yawa ana ɗauka ana rubutawa, marubuci na gaba da kyamara da taku kaɗan. In labari ya karɓu, furodusa ba ya son ya ƙare, sai a yi ta jan sa kamar danƙo, a buɗe ƙofofi goma ba a san ta inda za a rufe su ba. Ga kuma abin da ba ya hannun kowa: ɗan wasa ya yi tafiya, ko aure ya ɗauke jaruma, ko a sami saɓani. Masu bin Labarina sun ga lokacin da Nafisa Abdullahi ta bar matsayin Sumayya, Fati Washa ta karɓa. Can an zaɓi a sauya fuska a bar labari ya ci gaba. A wasu fina-finan kuwa sai a kashe mutum dare ɗaya, ko a tura shi karatu ƙasar waje, duk zaren da aka ƙulla a jikinsa ya zube ƙasa.

Akwai kuma hukuma. Yawancin fina-finan da muke kallo a Jigawa ta hannun Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano suke biyowa, wadda aka kafa a 2001. A 2021 hukumar ta sanar da hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Na fahimci damuwar da ta jawo haka, duk mai 'ya'ya zai fahimta. Amma marubucin da ya san ba za a bar mugu ya ci riba ba, ya kamata ya san haka tun ranar da ya ɗauki biro, ya gina faɗuwar mugun tun daga tushe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan matsi ba a kanmu aka fara shi ba. Dattawan da suka yi zamanin silima sun san Sholay, fim ɗin Indiya na 1975, na Amita Bacan (Jai) da Darmendra (Veeru). Yadda darakta Ramesh Sippy ya fara ɗaukar ƙarshensa, Thakur, tsohon ɗan sandan da ɗan fashi Gabbar ya kashe wa iyali ya kuma sare wa hannuwa biyu, shi ne ya kashe Gabbar da takalmi mai ƙusoshi. Hukumar tace fina-finai ta Indiya, a zamanin dokar ta-ɓaci ta Indira Gandhi, ta ƙi yarda a nuna tsohon jami'i ya ɗauki doka a hannunsa. Aka sake ɗauka, 'yan sanda suka faɗo a minti na ƙarshe suka kama Gabbar. In ka kalla da kyau za ka ga ɗinkin, domin 'yan sandan nan ba su tsinana komai ba tsawon fim ɗin. To me ya sa duk da haka mutane ba su ce an raina musu hankali ba? Saboda akwai wani bashin da fim ɗin ya biya cif. Ku tuna kwabon da Jai ke jefawa sama duk lokacin da shi da Veeru za su yanke shawara, kullum kuma shi ke ci. Mun gani sau da yawa, mun ɗauka sa'a ce. A ƙarshe, da aka zo wanda zai tsaya ya tare 'yan fashi, ya jefa, ya ci, ya tsaya, ya mutu. Sai Veeru ya ɗauki kwabon ya juya, ya ga fuskokinsa biyu iri ɗaya ne. Babu wanda ya yi tsammani, kuma babu wanda zai ce an ɓoye masa. A gaban idonmu abin yake tun farko. Wannan shi ne aikin gwani: mai kallo ya dafe kai ya ce, "Kai, ya aka yi ban lura ba?" Bambancinsa da "Daga ina kuma wannan ya fito?" kamar nisan sama da ƙasa ne.

Matasa kuma, masu kallon fassarar Indiya-Hausa, su tuna Drishyam. Jeethu Joseph ya fara yin sa da harshen Malayalam a 2013, aka sake shi da Hindi a 2015 da Ajay Devgn da Tabu. Wanda bai gani ba ya yi haƙuri, zan taɓa ƙarshen. Magidanci ne mai ƙaramin ilimi, sana'arsa haɗa wa mutane tashoshin talabijin, ya kwana yana kallon fina-finai. Iyalinsa suka faɗa cikin kisan ɗan wata babbar jami'ar 'yan sanda. Duk dabarar da ya yi ta kare su, an riga an nuna mana inda ya koye ta. Inda ya binne gawar kuwa, ƙarƙashin sabon ofishin 'yan sanda da ake ginawa, ginin nan mun sha ganinsa tun farkon fim, mun wuce shi kamar yadda 'yan sandan suka wuce. Da alama marubucin ya san inda gawar take kafin ya rubuta layin farko. Daga ƙarshe ya faro, ya dawo baya yana shuka.

Ko a Amurka akan yi tuntuɓe. Lokacin da ake ɗaukar The Big Sleep na 1946, darakta Howard Hawks da mutanensa suka rasa gane wa ya kashe wani direba a labarin. Suka aika wa Raymond Chandler, wanda ya rubuta littafin, shi ma ya kasa faɗa. Fim ɗin ya tsira saboda mutuwar direban reshe ce. In giɓi na reshe ne, mai kallo kan kau da kai. In a gindin bishiyar yake, kamar gawar da ba a san wa ya wanke ba, komai ne ke faɗuwa.

Akwai wata amsa da nakan ji daga bakin wasu 'yan fim in an yi musu irin wannan tambaya, kuma ina so in tsaya a kanta da girmamawa. Sukan ce, ai ikon Allah ne, ƙaddara ce, Allah na iya kawo mafita ta inda ba a zata ba. Wannan gaskiya ce da babu Musulmin da zai yi jayayya da ita. Sai dai Allah da kansa Ya sanya wa abubuwa sababi. Ku dubi ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, wadda ake karanta mana a tafsirin azumi. Ba ina kwatanta ta da fim ba ne, Allah Ya tsare, darasi nake ɗauka. Ta buɗe da mafarki, ta rufe da tabbatar mafarkin nan. Riga ta zo da jinin ƙarya, malaman tafsiri suka kawo cewa mahaifin ya lura ba ta yage ba, alhali an ce kerkeci ne ya cinye mai ita. Riga ta sake zuwa a gidan Azizu, aka duba ta ina ta yage, gaba ko baya, aka gane mai gaskiya. Riga ta zo karo na uku, aka jefa a fuskar mahaifin ganinsa ya dawo. Fursunan da aka fassara wa mafarki a kurkuku shi ne ya tuna da shi a gaban sarki bayan shekaru. Ga ikon Allah a bayyane, ga kuma kowane abu a ɗaure da sababinsa. Al'ummar da ta tashi da wannan ƙissa a kunnenta ba za a ce mata ta karɓi labari maras kan gado da sunan ƙaddara ba. Marubucin da ya rasa mafita ya jefo mota ta kaɗe mugu, ba tawakkali ya nuna ba, aikin da ya kamata ya yi ne bai yi ba.

To, mu koma shagon Takur mu gwada ɗinke wancan labarin, domin sukar da ba gyara a cikinta ba ta da amfani. Marubucin yana son attajiri ya dawo a ƙarshe. Madalla, a bar masa abinsa. Amma ɓarakar ba a kashi na ƙarshe take ba, tana kashi na huɗu, can za a koma da allura.

Mu ƙaddara attajirin ɗan kasuwar riɗi ne. Da damina ya tafi karɓar bashi a wani ƙauye ta wajen Miga, ruwa ya cika, sai an shiga kwalekwale. Kwalekwalen ya kife. An tsamo hularsa da jakarsa, ba a ga shi ba. Shi ke nan, babu gawa, babu wanka, tambayar dattijo ta faɗi. Amma ku ga abin da wannan ɗan gyara ya haifar. Tunda ba a ga gawa ba, a fiƙihun Malikiyya da kotunanmu na shari'a ke bi, mutumin nan ɓatacce ne, ba mamaci ba. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san babin. Matarsa za ta kai magana gaban alƙali, a bincika, a ɗiba mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai lokacin da irinsa ba ya wuce shi a raye. Akwai rassa a mas'alar gwargwadon yadda mutum ya ɓata, shi ya sa marubuci zai je ya zauna gaban malami ko alƙali da littafin rubutunsa.

Yanzu ƙanin nan mai kwaɗayi ya shiga uku. Ya shirya kifewar jirgin, amma dukiya ta ƙi zuwa hannunsa. Bashi na bin sa, ba zai iya jiran shekaru ba. Me ya rage masa? Ya nemo shaidu biyu da za su tsaya gaban alƙali su ce sun ga gawar ta taso a wani gari can ƙasa, sun gane shi, mutanen garin sun rufe shi. Ga mugu ya sami aikin yi, ga kuma mutum biyu da suka riƙe wuyansa har abada. Ɗaya ya fara dawowa neman ƙari. Ɗayan kuma matarsa ta ga kuɗin da ba ta san tushensu ba. Ita kuwa matar attajirin, a zaman kotu ta yi wa shaidun tambaya guda: da kuka wanke shi, me kuka gani a ƙafarsa ta hagu? Mu masu kallo mun sani, domin tun kashi na ɗaya an nuna mana shi yana alwala, yatsunsa huɗu ne a ƙafar, kuma kullum cikin safa yake fita. Shaidun suka dubi juna. Wannan shirun da za su yi ya fi jiniyar motar 'yan sanda goma tayar da tsikar jiki.

Saura tambaya mafi wuya, wadda fim ɗin asali ya tsallake: in yana raye, me ya hana shi dawowa? Cewa ya ɓuya don ya gwada mutane ba ta karɓuwa. Wane magidanci ne zai bar matarsa cikin takaba, 'ya'yansa na kukan maraici, mahaifiyarsa na zubar da hawaye wata takwas, don gwaji kawai? In ya yi haka, shi ne mugun labarin. Haka nan a raba mu da mantuwar nan ta fim, wadda dutse ke kawowa wani dutsen ya ɗauke. A ba shi dalili mai nauyi. Masunta sun tsamo shi da karaya a cinya, ya yi wata biyu a hannun mai ɗori. A nan ya ji daga bakin mai tuƙin jirgin, wanda nadama ta kama, cewa ɗan uwansa ne ya biya, kuma akwai wani na cikin gidansa da ke kai rahoto, bai san ko wane ne ba. In ya aika saƙo, saƙon na iya faɗawa hannun maƙiyi, 'ya'yansa kuma suna gidan. To yanzu shirunsa ya zama tsoro irin na uba. Kuma kada a ɓoye mana yana raye har ƙarshe. A nuna mana tun tsakiya. Alfred Hitchcock, gwanin irin waɗannan fina-finai, ya daɗe da bayyana cewa firgitar da mai kallo na daƙiƙa kaɗan ne, amma in ka sanar da shi haɗarin da mutanen cikin fim ba su sani ba, ka riƙe shi tsawon lokaci. Mu san yana raye, mu ga ana shirin raba gadonsa, mu ga ƙanin ya fara aiko wa matar da kayan na-gani-ina-so. Wa zai iya barci?

Ranar da zai shigo kuwa, ba falo zai shigo ba, kotu zai shigo, yana ɗingishi da sanda, mai jirgin na gefensa. 'Yan sanda in sun zo, sun zo ne saboda matar ta kai musu ƙara tun ranar da shaidu suka kasa amsa tambayar ƙafa, kuma mun ga lokacin da ta je.

Duk gyaran nan bai ƙara wa furodusa ko sisi a kuɗin ɗauka ba, illa hayar kwalekwale. Abin da ya ci shi ne zama. Kafin a kunna kyamara, marubuci ya rubuta kashi na ƙarshe ya ajiye. Ya ɗauki takarda ya bi labarin ta idon mugu, rana bayan rana, ya ga ko kowane takunsa na mai hankali ne. Ya rubuta wa ya san me, kuma yaushe ya sani. Sannan ya ba mutum uku da ba sa jin nauyinsa su karanta: wanda ya san kotu, ma'aikaciyar jinya, da dattijo ko dattijuwar da ta san yadda ake rayuwa da mutuwa a garin. Irin waɗannan mutane ba su da wuyar samu a nan. Ga Jami'ar Tarayya ta Dutse da ɗalibanta masu sha'awar rubutu, ga asibitin Rasheed Shekoni, ga tsofaffin alƙalai da 'yan sanda da suka yi ritaya suna zaune a ƙofar gida da labarai cike da ciki, ba mai tambayarsu. Matasanmu da suka fara ɗaukar gajerun fina-finai da waya a tsakanin duwatsun Garu da gonakin dabino, ku na fi nufi da wannan magana, domin ku ba ku riga kun saba da tsohuwar hanyar ba.

Na koma Takur bayan kwana biyu na sami dattijon a rumfarsa, ya kwance injin wani babur. Na ba shi labarin yadda na sake ɗinka shi, tun daga kwalekwale har kotu. Ya saurara bai katse ni ba, yana goge hannu da tsumma. Da na gama ya ce, "To, shi mai jirgin, da aka tsamo hula da jaka, ina ya ce wa mai gari fasinjansa ya shiga? Kuma wa ya bar shi ya tafi?" Na zaro biro na rubuta a bayan takardar da ke aljihuna.